Aka Ce Laifin Bene Ne

Shagon wanki da guga na Auta yana kan wani ɗan layi da mota ɗaya ke cika shi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai kantin kayan ɗinki. Ɗaki biyu ne da tsakar gida. A tsakar gidan ake wanki da shanya, ɗakin ciki na guga ne, a na waje ake karɓar kaya da bayarwa. Ɗakin wajen yana da taga guda mai kallon gabas, a ƙarƙashinta akwai tebur da kujera. Shekara talatin da ɗaya mutum ɗaya ce ta zauna a kujerar nan, wato yayar Auta. Shi yana ce mata Yaya, ma'aikata da mutanen layi kuma Goggo suke ce mata.

Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, a bayanta ya ƙarasa girma. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta dawo wajen ƙaninta a daidai shekarar da ya buɗe shago. A watan farko ya ba wani malamin makaranta wandon wani direba, aka yi ta tsiya a bakin ƙofa. Washegari Goggo ta zo da allura da zare a gwangwani, ta ja kujera ta zauna gindin taga. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba kuma wanda ya ce ta tashi.

Ba ta wanki, ba ta guga. Aikinta sa alama. Zare launi bakwai take amfani da shi: ja, baƙi, fari, rawaya, ruwan ƙasa, kore da shuɗi. Kowane gida da nasa launi da yawan ƙullinsa. In an kawo kaya sai ta juya wuyan riga, ko ƙugun wando, ko gefen zanin gado, ta yi 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a inda ba za su soki fata ba. Babu takarda, babu rasit. Gida sama da ɗari uku duk a kanta suke. In wani gida ya tashi daga unguwar, ko mai shi ya rasu, sai ta bar alamarsa ta shekara kafin ta ba wani.

Abin bai tsaya cikin shago ba. Malamin makarantar nan har ya yi ritaya Ja-Biyu ake ce masa, sunan alamarsa, jikokinsa ma da sunan ake neman gidansu. Mai kantin kayan ɗinki ko wane zare zai yanke masa, launukan nan bakwai ba sa yankewa. Akwai shekarar da wani mutum ya yanke jiki ya faɗi a tasha, ba takarda ko ɗaya a aljihunsa. Wani da ya san layin ya juya wuyan rigarsa ya ga kore biyu da baƙi ɗaya, ya zo a guje. Goggo ko ɗago kai ba ta yi ba ta faɗi gidan, aka je aka kira matarsa.

Shekara uku da suka wuce aka sayi filin da ke gabas da shagon, aka tayar da bene hawa huɗu domin ma'aikatan jinya na wani asibiti su samu wurin zama. Bangonsa bai fi taku biyar da tagar Goggo ba. Rana ta daina shigowa ɗakin, ko da hantsi sai ka ce la'asar ce sakaliya. Auta bai damu ba, don benen ya zo masa da aiki. Ma'aikatan jinya wajen sittin, kowacce da fararen riguna uku ko huɗu, duk yadi ɗaya, ɗinki ɗaya. Shugabarsu, wadda suke ce wa Sista, ita ta zo da kanta aka yi magana, ta ce abu ɗaya take so, kowacce ta samu rigarta a kan lokaci. Auta ya sayi injin wanki, ya ƙara ɗaukar mata biyu.

Goggo kuwa sai da ta ƙirƙiro sababbin alamu sittin cikin mako biyu. Masu sauƙin duk tsofaffin gidaje sun riga sun kwashe, don haka sababbin suka zo da launi uku-uku, yawancinsu da kore ko shuɗi a ciki.

Wanda ya fara lura shi ne Dogo, mai gugar shagon, wanda ya shekara ashirin da shida yana aiki da su. Mai guga ya san jikin mutane ko bai taɓa ganin fuskarsu ba. Wata rana ya shimfiɗa riguna biyu masu alama iri ɗaya, ɗaya ta mai jiki ce sosai, ɗayar ko yarinya sai ta matse ta. Ya kira Auta tsakar gida, bayan igiyar shanya, inda ƙarar inji za ta rufe maganarsu.

"Maigida, dubi nan. Ko dai matar nan rabewa biyu take in za ta aiki, ko kuma Goggo ta sa shuɗi a wurin kore."

Auta ya ɗaga rigunan ya duba a rana. "Kuskure ne. Kai ba ka taɓa ƙona riga ba?"

"Na ƙona, har da taka. Amma wannan shi ne na huɗu a makon nan."

Auta ya ɗaga kai ya kalli bangon benen. "Duhu ne," ya ce. "Wa zai bambance kore da shuɗi a cikin ramin nan? Benen nan ne."

A ranar ya sa aka ɗaura ƙwan lantarki a saman teburin. Da abin bai daina ba ya canza shi da doguwar fitila mai farin haske. Da hakan ma bai yi ba, sai ya shiga kantin maƙwabcinsa ya ce zaren yanzu ba na da ba ne, launinsa a koɗe yake. Mai kantin ya ce shekara goma wuri ɗaya yake saro shi, ya kuma ɗauko tsohon da sabon ya jera masa a kan kanta. Auta ya ce shi dai ya ga bambanci. Mai kantin ya ce to, ya mayar da kayansa. Daga baya ya ce tun a ranar ya gane abin da ake ciki, amma ba shi ne ƙaninta ba.

Abin da suka shirya shi da Dogo mai sauƙi ne. Auta ya koma karɓar kayan ma'aikatan jinya da hannunsa, yana sa 'yar takarda mai lambar ɗaki a aljihun kowace riga kafin ya miƙa wa Goggo. Bayarwa ma ya karɓe, ya ce ta huta da tashi da zama. Kullum da azahar takan shiga gida ta ci abinci ta ɗan kishingiɗa. A wannan sa'a guda su biyun suke zama su bi rigunan ɗaya bayan ɗaya, inda ta sa ba daidai ba su warware su sake ƙullawa. Dogo da manyan yatsunsa sai da ya koyi zura zare a allura.

Masu wanki duk sun sani. Ba a taɓa tara su an gaya musu ba, amma kowa ya gane cewa a shagon nan ba a maganar ido. Goggo ta fara bugun gefen ƙofa da kafaɗarta ta hagu. Ta yi tuntuɓe da bokiti sau biyu. In aka yi mata magana daga gefe, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya tana neman mai maganar. Sai suka kwashe bokitai daga hanyarta, suka matsar da kwandon kaya jikin bango, mai son magana da ita ya zo ta gabanta. Ita kuma takan ce, "Tun da aka gina abin nan mutum ko ƙafarsa ba ya gani." Su ce, "Wallahi kuwa, Goggo."

Daga baya an tambayi Dogo me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ya taɓa gwadawa, ya ce wa Auta ko za a kai ta a duba mata. Auta ya ce, "In aka ba ta tabarau an gaya mata ta tsufa. In aka ce ta bar aiki an kashe ta. Me take da shi ban da kujerar nan?" Dogo ya ce shi ma da ya duba sai ya ga ba ta da komai ban da ita, sai ya ja bakinsa.

Haka aka yi shekara biyu.

Sa'a guda ba ta isa a bi riguna ɗari biyu, ga kayan tsofaffin gidaje da ba su da takarda a aljihu. Kurakurai suka riƙa fita. Ma'aikaciya ta tashi da safe za ta kama aiki, ta warware rigarta ta ga ba ta wuce mata gwiwa ba. Wata ta samu wadda za ta ɗauki mutum biyu. A benen suka sa wa wurin suna shagon musaya, sunan kuma ya sauko layi. Mai gyaran takalmi in ya ga mutum da ƙunshin kaya sai ya ce, "Allah ya sa a dace da babba." Maganar ta shigo ciki. Sababbin masu wanki suka fara gunaguni cewa su ake zagi a hanya alhali ba su suka yi ba, tsofaffin suka ce wanda bai iya zama ba ga ƙofa. Har kwanon abinci suka raba.

Sista ta zo wajen Auta sau biyu. A zuwa na biyu ya fito da ita waje ya nuna mata tagar.

"Kin ga, ranki ya daɗe, tun da aka yi ginin nan ba mu da haske."

"To mu rushe gidanmu ke nan, Malam, don a daina ba ni rigar wata?"

"Ban ce ba."

"Ka sa lamba kamar kowa mana. Kati da lamba, shi ke nan. Ko tsada yake?"

"Za a duba."

"Wancan karon ma dubawa ka ce."

Zuwa na uku ba ta same shi ba, ya shiga kasuwa neman wani ƙarfe na injin. Goggo ce kaɗai a ɗakin waje. Sista ta tsaya ta hagunta, ta miƙa mata riga tana faɗin abin da ya kawo ta. Goggo ta amsa gaisuwa, amma rigar da ke kusa da kuncinta ba ta karɓa ba. Sista ta lura. Ta ɗaga hannu ta kaɗa shi a hankali a gefen fuskar tsohuwar. Ido bai motsa ba. Ta zagayo ta gabanta ta durƙusa.

"Mama, yaushe rabonki da likitan ido?"

"Me zan je yi? Idona ras. Benenku ne ya tare mana rana."

"To zo mu je inda ranar take."

Ta ɗauki zare biyu daga gwangwanin, ta kama hannun Goggo suka fito tsakiyar layi. Rana tsaka ce, ko inuwa babu. Mai takalmi yana wurin, mai kanti yana bakin ƙofarsa, Dogo ya fito da tsumman guga a kafaɗa.

"Wanne ne kore, Mama?"

Goggo ta riƙe su biyu, ta kawo su kusa, ta nisanta su, ta karkata kai. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga shuɗin.

Ba wanda ya yi magana. Mai kanti ya juya ya shige ciki. Shirun ne ya gaya mata.

Ta saki hannun Sista ta koma shagon ita kaɗai. Ba kujerarta ta nufa ba, ta je kantar da ake jera kayan da aka gama, wadda rabonta da taɓa ta tun da Auta ya karɓe bayarwa. Ta zaro farar riga, ta juya wuyan, ta murza ƙullin tsakanin yatsunta. Ta ajiye ta zaro wata. A ta uku ta tsaya.

"Wannan ba ƙullina ba ne. Wannan ƙullin ɗaure akuya ne. Dogo."

"Na'am, Goggo."

"Hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Tun yaushe?"

Dogo ya ce daga baya ya so ya rage lissafin, amma bakinsa ya ƙi. "Shekara biyu ke nan da wata ɗaya."

"Kai da wa?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ninke rigar yadda take ta mayar, ta zauna ta jira ƙaninta.

Sista ce ta nema musu ganin likita a makon. Auta ya raka ta, yana cikin ɗakin aka faɗi sakamako. Hawan jinin ido ne. Likitan ya ce ciwon ba ya zafi, daga gefe yake fara cin gani, yana matsowa tsakiya a hankali. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta bututu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ana iya riƙe shi da maganin ɗigawa safe da yamma, muddin ba a yi fashi ba. Ya tambaya yaushe aka fara lura. Auta ya faɗa. Likitan ya rubuta, ya ce da a lokacin aka zo, da an tsira da mafi yawansa.

A bakin asibitin, suna jiran mota, ta ce masa, "Lokacin da kake ƙarami ƙurji ya fito maka a bayan kunne, ba ka ganinsa. Wa ya gaya maka?"

"Ke ce, Yaya."

"Ka yi kuka, ka cije ni a hannu. Na fasa matse shi?"

"Ban iya ba ne, Yaya. Na ga kamar in na faɗa na kore ki."

"Sai ka bar ni ina wasa da zare kamar yarinya, ku kuma kuna bi kuna gyarawa."

Mota ta zo ta wuce ba su shiga ba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni ma akwai ranar da na rufe idon dama ina wanke fuska, na ga na hagun ba ya ganin komai sai hazo. Da na zo shago na ji kowa yana cewa duhu ne, sai na ce to duhun ne."

Sati biyu bayan haka shagon ya koma kati da lamba. Kusan rabin ma'aikatan jinyar sun riga sun koma wani sabon wurin wanki a babban titi, ba su kuma dawo ba. Tsofaffin gidaje ma wasu suka bi su. Matar Ja-Biyu ta faɗa wa Auta a fili cewa in dai takarda za a ba ta, can ma takardar ake bayarwa, kuma kwana ɗaya suke gamawa. Aiki ya ragu har aka sallami ɗaya daga cikin sababbin masu wanki, mai 'ya'ya uku. Ranar da za ta tafi ta shiga ta yi wa Goggo sallama, ta ce ba ta riƙe kowa a rai ba, amma da an faɗi gaskiya tun farko da yanzu kowa yana wurinsa. Goggo ta ce haka ne.

Auta ya roƙe ta ta ci gaba da zuwa, ko gaisawa da mutane ta riƙa yi. Ta zo kwana tara. Masu shigowa suka riƙa gaishe ta da muryar da ake gaida marar lafiya, suna ɗaga sauti kamar kunnen ne ya lalace. A kwana na goma ta ce ƙafarta na ciwo. Ba ta sake zuwa ba.

Yanzu tana ɗakinta a gidan Auta, layi biyu daga shagon. Tana share ɗakinta da kanta, tana jin rediyo, matar Auta tana kai mata abinci. Shekarunta sittin da ɗaya. Wata shida ke nan tana ɗiga magani, kuma a dubawar ƙarshe likita ya ce idon dama bai ƙara raguwa ba.

Ba ta iya saita kwalbar da kanta. Matar Auta ta ce za ta riƙa yi mata, Auta ya ce a'a, shi zai yi. Kullum da safe kafin ya buɗe shago, da yamma kuma bayan ya rufe, yakan wanke hannu ya shiga ɗakin. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Takan zauna bakin gado ta ɗaga kai, shi kuma ya ja fatar idon ƙasa da babban yatsa.

Ran nan da safe ya ɗiga, ya fara rufe kwalbar.

"Hannunka rawa yake, Auta."

"Ba ya rawa. Ya shiga."

"A kumatuna ya zuba. Ga shi yana gangarowa."

Ya sunkuya ya duba. "Haka ne, Yaya. Bai shiga ba."

"To sake."

Ya buɗe kwalbar ya sake.